Sikel ɗin jita: na haddace akwatin amma solo ya ƙi fitowa

Nura: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu jita a taimaka min da shawara. Na haddace akwatin (wato zanen wuraren dannawa) fentatonik, sikel ko jerin sautuka mai sauti biyar, na A maino a firet na 5 (firet su ne gidajen da ke wuyan jitar), ina hawa ina sauka ko kallon hannuna ba na yi, har da ɗan sauri ma, amma da zarar na saka kiɗan rakiya zan yi solo sai abin ya fito kamar mutum na hawa matakala yana saukowa, babu waƙa a ciki ko kaɗan. Wani ya ce wai sikel ɗina ne suka yi kaɗan, in je in haddace mod ɗin nan guda bakwai, wato sikel ɗin da ake cirewa daga mejo sikel, tukuna. Haka ne?

Malam Iliya: Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka ƙara ko sikel ɗaya yanzu, wanda ke hannunka ma bai gama shiga ba. Bari in tambaye ka, a cikin akwatin nan da ka haddace, wuri nawa sautin A yake, kuma a ina da ina?

Nura: Na san dai wanda nake farawa da shi, tsirkiya ta 6 (mafi kaurin) firet na 5. Sauran gaskiya siffar kawai hannuna ya riƙe, firet bibbiyu daga tsirkiya ta 6 zuwa ta 1: 5-8, 5-7, 5-7, 5-7, 5-8, 5-8.

Malam Iliya: To ga matsalar nan. Yatsunka sun san hanya, kunnenka bai san inda ake tsayawa ba. A uku ce a akwatin: tsirkiya ta 6 firet na 5, tsirkiya ta 4 firet na 7, sai tsirkiya ta 1 firet na 5. Sautuka biyar ne kawai kake ta maimaitawa, A C D E G, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Abin da zaka yi daren nan, ka samu kod ɗin Am, wato sautukan A maino da ake kaɗawa tare lokaci ɗaya, yana ta kaɗawa, ko ka ɗauki kanka a waya kana kaɗa shi na minti biyu ka kunna, sai ka danna sauti ɗaya tak ka bar shi ya yi ƙara har ya mutu da kansa. Fara da A, zaka ji ta zauna daram. Koma C, zaka ji ita ce ke kawo wannan ɗan sanyin jikin na maino. E ma tana zama lafiya saboda kod ɗin Am ai A C E ne. Sai ka danna D ka tsaya a kanta, zaka ji kamar tana neman wucewa, ko ta sauko C ko ta hau E, ba ta son a bar ta nan. G kuma tana jan ka zuwa A. In kunnenka ya fara jin wannan ja da sakin, solo ya fara ke nan ko da sauti uku kake yi.

Sadiq: Malam da girmamawa amma ni ina ganin tun farko bai kamata a fara wa mutum da fentatonik ba. Shi ya sa mutane ke maƙalewa a firet na 5 shekara da shekaru. Mejo sikel shine uwa, daga shi ake cire komai, kod da maino da mod ɗin duka, fentatonik ɗin ma ai mejo ne aka zare masa sauti biyu, na 4 da na 7. In mutum ya san tsarin taki, cikakke cikakke rabi cikakke cikakke cikakke rabi, kuma ya san firet ɗaya rabin taki ne firet biyu cikakke, to shi da kansa zai gina sikel a ko'ina ba sai ya jira an zana masa akwati ba. Nura gwada wannan, tsirkiya ta 2 kaɗai, fara daga firet na 1: 1, 3, 5, 6, 8, 10, 12, 13. C mejo ke nan a miƙe, da idonka zaka ga inda tazarar ta matse tsakanin 5 da 6 da kuma 12 da 13.

Malam Iliya: Sadiq wannan na tsirkiya ɗaya da ka kawo abu ne mai kyau sosai kuma ina goyon baya ya yi shi. Inda ban yarda da kai ba shine cewa fentatonik ne ya maƙalar da mutane. Wanda ya haddace mejo a matsayin zane shi ma haka zai maƙale, sai dai matakalarsa ta fi tsawo da sauti biyu. Kuma sautukan nan biyu da aka zare su ne masu rabin taki, su ne masu saurin karo da kod in ba ka iya sauka a kansu ba, shi ya sa sabon shiga ya fi samun sauƙin yin abin da zai ji daɗinsa da biyar ɗin.

Baba Garba: Ni fa yaran nan kuna ba ni mamaki da lissafin nan naku. Na daɗe ina kaɗa jita, babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga firet kaza ga sauti kaza. Waƙa nake ji in nemo ta a kan tsirkiya har in same ta. Ali Farka Touré na Mali da duniya ta san shi da jita, ku saurari kiɗansa ku gaya min ko kun ji alamar mutumin da ke hawa da sauka a akwati. Ku bar yaro ya ɗauki waƙoƙi da kunne, hannun zai bi.

Anti Rahila: Baba ina kwana. Maganarka gaskiya ce ta wani ɓangaren, amma kiɗan Ali Farka Touré ɗin ma yawancinsa a kan sauti biyar yake tafiya, wato sikel ɗin na nan a kunnensa da hannunsa ko an kira shi da suna ko ba a kira ba. Kai ma Baba na tabbata in ka ɗauki waƙa akwai wuraren da yatsanka ba ya taɓa zuwa saboda ka san ba sa cikinta. To wannan sanin shi ake so a gajarta wa mai koyo hanyarsa, abin da zai lalubo cikin shekaru a nuna masa da wuri.

Baba Garba: Wannan kuma haka ne 'yata, akwai inda hannu ba ya zuwa. Amma ni abin da nake gani, waɗanda aka nuna wa da wuri ɗin ba sa saurare, ido kawai suke kaɗawa da shi. Kashe musu fitila ki ga.

Anti Rahila: To ai maganin wannan shine baki. Nura, duk sautin da zaka danna ka fara rera shi tukuna. Do re mi ɗin nan da ake raina wa tun ƙarni na 11 ake koyar da mawaƙa da shi, Guido na Arezzo a Italiya ne ya assasa tsarin, lokacin ma ut ake cewa a maimakon do, kuma dalilin ƙirƙiro shi ke nan, mutum ya ji sauti a kansa kafin ya fitar da shi. Fentatonik ɗinka na maino la do re mi so ne. Ka rera ɗan gajeren abu da bakinka, sauti uku ko huɗu, kamar mi re do la, sannan ka nemo shi a jita. Da farko zaka sha lalube, zaka danna wanda ba shi ba ka matsa gaba ka dawo baya, kar ka damu wannan laluben shine aikin. Wani amfanin kuma, mai rerawa dole ya ja numfashi, to nan ne zaka koyi yin shiru a tsakiyar solo, don mu masu jita ba abin da ke tilasta mana tsayawa shi ya sa muke cika wa mutane kunne.

Nura: Anti muryata fa ba ta da daɗi ko kaɗan.

Anti Rahila: Ba daɗi ake nema ba ƙanina, daidaito ake nema. Ko gunguni ne a maƙogwaro ya wadatar in dai yana hawa yana sauka tare da tsirkiyar.

Zainab: Dan Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana maganar akwatin nan. Ni 5 zuwa 8 ɗin ne ke wahalar da ni, ƙaramin yatsana ba ya kaiwa sai na murɗe hannu gaba ɗaya, in ya kai ma sai sautin ya fito da zzz, kuma bayan ɗan lokaci wuyan hannuna ya fara zafi. Ko in riƙa amfani da yatsa na uku kawai kamar yadda na ga wasu na yi a bidiyo?

Sadiq: Zainab duba babban yatsanki tukuna. In ya leƙo ta saman wuyan jitar to shi ya ɗaure sauran, tafin hannun ya manne da katako babu yadda za a yi su buɗe. Ki sauke shi bayan wuyan, wajen saitin yatsan tsakiya, ki bar ɗan sarari tsakanin tafin hannu da jitar. Zzz ɗin kuma yawanci daga inda kike dannawa ne, ki matso dab da ƙarfen firet ɗin ta bayansa, ba tsakiyar gidan ba, a nan ƙarfi kaɗan ya isa. Sannan wata dabara, ki kai akwatin gaba ɗaya firet na 12, siffar ɗaya ce sai dai ya zama E maino, can gidajen sun fi matsewa saboda tazarar firet tana raguwa ne in kana matsowa wajen cikin jitar, a 12 ɗin ma tsirkiya ta rabu biyu daidai. In hannu ya saba a can sai ki dawo 10, ki dawo 8, a hankali har 5.

Malam Iliya: Abin da Sadiq ya faɗa daidai ne. In ƙara da cewa zafi iri biyu ne kuma kar a haɗa su. Zafin kan yatsu na sabon shiga ne, fata ce za ta yi kanta ya wuce. Amma zafin wuyan hannu ko wanda ke harbawa zuwa gwiwar hannu, wannan in ya zo a ajiye jitar, ba jarumta ba ce a ci gaba. Kuma ki sa wanda ya sani ya duba miki tsayin tsirkiyoyin daga kan firet, wata jitar tsirkiyarta ta yi sama da yawa ko ta yi kauri, mai koyo yana ta zargin hannunsa alhali kayan aikin ne.

Baba Garba: Game da yatsa na uku, ki yi amfani da shi in ya fi miki. Django Reinhardt, shahararren makaɗin jita na jaz, gobara ta lalata masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, da manuniya da na tsakiya ya riƙa yin solo, kuma har yau masu yatsu huɗu lafiyayyu na fama su kwaikwaye shi.

Sadiq: Baba shi ai lalura ce ta sa shi, ita kuwa nata lafiya lau yake, rashin motsa shi ne kawai. In ta guje shi yanzu ranar da za ta zo sikel mai sauti uku a kowace tsirkiya za ta dawo ta fara daga farko.

Malam Iliya: Ku duka kuna da gaskiya, a tsirkiya ta 6 ta sa ƙaramin, a ta 1 da ta 2 in za ta ja tsirkiyar sama ta sa na uku da na biyu a bayansa yana taya shi, haka mafi yawan masu buluz ke yi.

Hamza: Ni maganar sauri nake so a taɓa don Nura ya ce yana yi da ɗan sauri. Da metronom, na'urar nan mai ƙirga bugu daidai, kake yi ko da ka?

Nura: Da ka ne wlh. Na taɓa gwada metronom ɗin sai na ji yana rikita ni.

Hamza: To ba shi ke rikita ka ba, nuna maka yake inda kake gudu da inda kake jan ƙafa. Kowa yana sauri a inda ya fi masa sauƙi ya rage a wajen canza tsirkiya, kuma ba zaka taɓa ji da kanka ba sai da wani abu a gefe da ba ya lanƙwasa. Saka shi a 60, wato bugu 60 a minti, sauti ɗaya a kowane bugu, har sai ka ji ƙarar metronom ɗin na ɓacewa a cikin sautinka don sun faɗi tare. Sannan biyu a bugu, sannan uku, sannan huɗu, duk a 60 ɗin, fik ɗinka (ɗan abin da kake kaɗa tsirkiya da shi) ƙasa sama ƙasa sama ba tare da ka karya tsarin ba ko da ka tsallaka wata tsirkiyar. Ukun nan zai ba ka wuya saboda akwatin bibbiyu yake a kowace tsirkiya, bugun zai riƙa faɗowa a wurare daban daban, kuma amfaninsa ke nan. In ka yi sau da yawa a jere babu tuntuɓe sai ka ƙara 4 ko 5, in ka fara ɗaure kafaɗa ko cije baki to ka wuce inda kake, koma baya.

Baba Garba: Wannan na'urar ita ke mayar da kiɗa kamar na inji. Ƙafarka ba ta ishe ka ba?

Hamza: Baba ƙafar tana bin hannu ne in ba ta horu ba, hannu ya yi sauri ita ma ta yi. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1815 wani Bajamushe mai suna Maelzel ya yi rajistar metronom, manyan makaɗa da yawa sun horu da shi kiɗansu bai zama na inji ba. Na yarda dai kar mutum ya zauna a kansa kullum, rabin lokaci da shi rabi da ganga ko kiɗan rakiya.

Anti Rahila: Mu a ɓangaren jitar gargajiyar Turai mai tsirkiyar nailon, sikel ɗin da Segovia, babban makaɗin jita ɗan Sifen, ya tsara yatsunsu aka buga a 1953 har yanzu ana bin su, mejo da maino na kowane ki (wato sautin da sikel ke ɗauka a matsayin gida), kuma abin da ake nema a ciki ba gudu ba ne kawai, ana so kowane sauti ya fito da nauyi ɗaya da ɗan'uwansa, kuma in hannu ya tashi daga wani wuri zuwa wani a wuyan jitar kar mai saurare ya ji gurbin. Nura ka ɗauki kanka a waya kana sikel ɗin a hankali ka saurara, zaka ji wasu sautukan sun fi wasu ƙarfi, wasu an yanke su tun kafin na gaba ya iso. Gyaran wannan ya fi ƙarin sauri amfani nesa ba kusa ba.

Nura: Na gwada na Malam yanzun nan da kod ɗin Am. Wlh D ɗin nan da gaske ba ta son zama, ina sakinta zuwa C sai na ji wani abu ya sauka a ƙirjina. Amma da na saka wani kiɗan mai Am, F, C, G sai A ɗin da ta zauna ɗazu ta daina zama a kan G. Me ya faru?

Malam Iliya: Madalla, yanzu ka fara jin abin da ake magana. Sikel ɗin bai canza ba, ƙasan da kake takawa ne ya canza. Kod ɗin G sautukansa G B D ne, to a lokacinsa D ɗin da ta ƙi zama ɗazu ita ce mai gida, G ma haka. A kan F, wato F A C, ka nufi A ko C. A kan C, wato C E G, ka nufi E ko G ko C ɗin kanta. Ba sai ka cika tsakani da komai ba, ka fara da sauti ɗaya a kowane kod, ka sauka a kansa daidai lokacin da kod ɗin ya shigo, in wannan ya zauna sai ka ƙara ɗaya ko biyu da za su kai ka can. B.B. King, gwanin jitar buluz na Amurka, sau da yawa a ɗan ƙaramin wuri yake tsayawa a tsirkiyoyin sama, sauti kaɗan, amma ya san wanda zai riƙe ya girgiza shi da wanda zai ja. Kai ma gwada jan tsirkiya ta 3 a firet na 7, D ce, ka tura ta sama har ta kai E, amma ka fara danna firet na 9 ka ji inda zaka kai tukuna don ja in bai kai ba ya fi kuskuren firet muni a kunne.

Sadiq: To kun ga inda nake cewa. Ga F ga B sun shigo a kod, kuma babu su a fentatonik ɗinsa. Nura ƙara su kawai: F tana tsirkiya ta 5 firet na 8 da tsirkiya ta 2 firet na 6, B tana tsirkiya ta 6 da ta 1 firet na 7, da ta 3 firet na 4. Shi ke nan ka samu cikakken A maino, wanda sautukansa su ne dai na C mejo. Mod bakwai ɗin da aka ce ka haddace ma waɗannan sautukan ne, abin da ke canzawa shine wanne ne gida.

Malam Iliya: Zai ƙara su amma ba yau ba. Ya fara da F ɗin tsirkiya ta 2 ita kaɗai, a kan kod ɗin F, ya ji yadda take komawa E in C ya shigo. Sati mai zuwa ya ɗauki B.

Hamza: In kuma ka haɗu da waƙar da ke A maino amma akwai kod ɗin E7 a ciki, ka kula da G ɗinka, don G# ce a cikin wannan kod ɗin, ba G ba. Matsa ta gaba da firet ɗaya a lokacin kod ɗin kawai, tsirkiya ta 4 firet na 6, zaka ji yadda take ingiza ka zuwa A. Harmonik maino da ake ta faɗa daga nan ya samo asali.

Zainab: Na kai shi firet na 12 kamar yadda Yaya Sadiq ya ce, ƙaramin yatsan ya kai ba tare da na murɗe ba, zzz ɗin ma ya ragu sosai sai a tsirkiya ta 6 kawai. Amma me ya sa a tsirkiya ta 2 siffar ke komawa 5-8 bayan ana ta 5-7?

Hamza: Saitin jitar ne. E A D G B E, tsakanin kowace tsirkiya da ta gaba firet 5 ne, banda G zuwa B da yake 4. Shi ya sa duk siffar da ta tsallaka zuwa tsirkiya ta 2 sai ta gusa gaba da firet ɗaya, a sikel da kod duka.

Nura: To in tattara abin da zan riƙa yi kullum, in ina da kamar rabin awa?

Malam Iliya: Minti goma na Hamza da metronom, kuma kar ka riƙa farawa daga tsirkiya ta 6 kullum, wani lokacin fara daga sama, wani lokacin daga A ta tsakiya, ko ka yi uku uku, A C D, C D E, D E G. Minti biyar na Rahila, baki sannan hannu. Sauran duka a kan kiɗa, kuma ka canza ki, yau firet na 5 gobe na 3 ya zama G maino, don kar hannunka ya ɗauka ɗigon da ke wuyan jitar shine sikel ɗin.

Baba Garba: Ni dai a cikin rabin awar nan a bar min minti biyar ya ɗauko waƙar da yake so ya nemo muryar mawaƙin a kan tsirkiya, babu takarda babu bidiyo.

Malam Iliya: An bar maka Baba, a cire daga na metronom.

Hamza: A'a Malam, a cire daga na kiɗan dai, goman nan ma ta yi kaɗan.